JIM ELIYOT: BAƘON DA YA KOYI HARSHEN MASU MASAUKI

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa sauka a garin da ba ka jin harshen mutanensa? Kana jin ƙishirwa, ba ka san sunan ruwa ba. Ana dariya, ba ka san dalili ba. Babban mutum yakan koma kamar jariri. Ga labarin wani saurayi wanda ya zaɓi wannan wahala da kansa saboda Yesu Almasihu.

An haifi Jim Eliyot a birnin Fotland, ƙasar Amurka, ran 8 ga Oktoba 1927. Ubansa mai wa'azi ne. A gidansu ana karanta Littafi Mai Tsarki kowace rana, Jim kuwa ya ba da gaskiya tun yana yaro. A shekara ta 1945 ya shiga babbar makarantar Kirista ta Witon. Can ya koyi Helenanci, harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi. Ya kuma shiga kokawa domin jikinsa ya yi ƙarfi, ya iya jimre aikin Ubangiji.

A hutun shekara ta 1947 ya bi wani abokinsa zuwa ƙasar Meksiko, inda iyayen abokin suke aikin bishara. Suka sauke shi a gidansu mako 6. Ba albashi ya je nema ba. Yana ci tare da su, yana taya su aiki, yana kuma koyon Sifaniyanci, harshen ƙasar. Kafin ya koma gida aka ce ya yi wa yara magana a taro. Bai nemi tafinta ba. Ya ba su labarin Nuhu da jirgi da bakan gizo. In kalma ta ɓace masa sai ya zana abin a allo, masu sauraro su faɗa masa sunansa, ya ci gaba. Ka gani, bai jira sai harshensa ya nuna ba. Mai jin kunyar kuskure ba ya koyon harshe.

A 1950 ya sami horo kan yadda ake rubuta harshen da ba a taɓa rubutawa ba. A wurin ya ji labarin wata kabila a kurmin ƙasar Ekwado, a Amurka ta Kudu. Maƙwabtansu suna ce da su Auka, wato mutanen daji marasa tausayi, amma su kansu Waorani suke kiran kansu. Sukan kashe baƙin da suka shiga ƙasarsu da mashi, suna kuma kashe juna saboda ramuwar gayya. Abin ya tsaya wa Jim a rai.

A watan Fabrairu 1952 ya shiga jirgin ruwa tare da abokinsa Pit Fleming, suka sauka a Ekwado. Ba su wuce kurmi nan da nan ba. Suka zauna a Kito, babban birnin ƙasar, a kan duwatsu, wajen wata 6 suna koyon Sifaniyanci, gama shi ne harshen hukuma da kasuwa. Jim ya yi masauki a gidan mutanen ƙasar domin ya riƙa jin harshen safe da maraice. Littafi yakan ba mutum kalmomi, amma gaisuwa da ladabi da sanin abin da ke ɓata wa mutane rai, a bakin akushi ake koyonsu.

Daga Kito ya gangara zuwa Shandiya, a cikin kurmi, wurin mutanen Kicuwa. Nan ya sake zama jariri, gama harshensu dabam ne. Ya koyar da yara a makaranta, ya yi jiyyar marasa lafiya, ya yi gini da hannunsa. A 1953 kogi ya cika, ya kwashe gine-ginen da suka sha wahala a kai. Kai manomi ka san zafin wannan, in ruwa ya cinye gonar da ka nome. Jim bai koma gida ba. A wannan shekara, ran 8 ga Oktoba, ya auri Alisabatu Hawad, wadda ita ma ta koyi Sifaniyanci da Kicuwa. Allah ya ba su 'ya mace a 1955.

A ƙarshen 1955 Jim da abokansa huɗu, Net Sent matuƙin jirgin sama, Ed Makali, Pit Fleming da Roja Yudariyan, suka fara neman hanyar zumunci da Waorani. Mako mako suna sauke musu kyautai daga ƙaramin jirgi da igiya, suna kira da 'yan kalmomin harshensu da Jim ya koya daga wata mace mai suna Dayuma, wadda ta gudu daga kabilar. Ran 3 ga Janairu 1956 suka sauka a rairayin kogin Kurarai. Ran 6 ga wata mutum uku suka ziyarce su lafiya. Ran 8 ga wata, ranar Lahadi, mayaƙa suka zo suka kashe su duka biyar da mashi. Shekarun Jim 28.

Mutane da yawa suka ce asara ce. Amma a 1958 Alisabatu ta ɗauki ƙaramar 'yarta, tare da Rahila, 'yar'uwar Net Sent, suka shiga suka zauna a cikin Waorani, bisa ga gayyatar da Dayuma ta kawo. Suka zama baƙin waɗanda suka kashe nasu. Suka ci abincinsu, suka koyi harshensu. Waɗansu cikin masu kisan suka tuba suka bi Yesu, kashe-kashe kuma suka ragu ƙwarai. A 1992 aka ba su Sabon Alkawari a harshensu. Karanta Yohanna 12:24, ka ga abin da Ubangiji ya faɗa a kan ƙwayar hatsi da ta faɗi a ƙasa.

To, ɗan'uwa, kai fa? Ba kowa Allah yake aika wa ƙetaren teku ba. Amma akwai Bafilatani a rugar da ke bayan gonarka, akwai Buzu da ke zuwa rijiyarku. Ka iya gaishe su da harshensu? In ɗanka ya tafi karatu ko neman aiki a wata ƙasa, ka gargaɗe shi ya girmama mai masaukinsa, ya taya aikin gida, kada ya raina tuwon mutane. In kuma baƙo ya sauka a gidanka yana koyon Hausa, kada ka yi masa ba'a. Ka gyara masa da haƙuri. Wataƙila ta bakin da ka koyar Allah zai ceci wani.

Ka tuna, Yesu da kansa ya bar sama, ya zama baƙo a cikinmu, ya yi magana da harshen mutane, ya mutu domin zunubanmu, ya tashi daga matattu. Karanta Filibiyawa 2:5-11 tare da iyalinka da daren nan. Ka karɓe shi? In ka karɓe shi, ka roƙe shi ya nuna maka wanda za ka je wurinsa.