Ibn Batuta da Garin Jan Ƙarfe

A zangon wani ƙaramin gari a yammacin Gana na taso, inda kakana ya ci ƙuruciyarsa a ramin zinariya. An rufe ramin tun kafin in yi wayo. Rannan na tashi neman sunansa a rubuce, wallahi ko a takarda ɗaya ban gani ba. Abin da ya tuno mini da Ibn Batuta ke nan.

An haife shi a Tanja ta ƙasar Maroko a 1304, a gidan alƙalai. Yana da shekara 21 ya fita aikin Hajji a 1325, daga nan ƙafa ta ƙi zama. Ya yi alƙalanci a Delhi ta Indiya da tsibiran Maldib, bai sake taka Maroko ba sai a 1349.

Tafiyarsa ta ƙarshe ce ta shafe mu. A 1352 ya ratsa Sahara zuwa Mali, a 1353 kuma ya bi ta Gao ya nufi Takadda. Zafi ya kwantar da shi a hanya, da ƙyar ya iso. Masu binciken kufai suna danganta garin da Azelik, arewa maso yamma da Agadas a Nijar ta yau.

Ya tarar da gidajen jan dutse, da ruwan da ya sauya launi da ɗanɗano don ya bi ta kan ma'adini, ga kunamu. A bayan gari ake haƙo jan ƙarfe, a narka shi a cikin gidaje, a zuba shi sanda-sanda. Masu kauri 400 ne miskalin zinariya ɗaya, sirara kuwa 600 zuwa 700. Su ne kuɗin garin: da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri a sayi gero, alkama, man shanu, har da bayi. Cikin ƙasashen da ya ce ana kai ƙarfen akwai Gobir da Barno. Kun ga ashe kakanninmu tun lokacin suna cikin cinikin.

To amma su wa ke aikin wutar? Bayi ne, maza da mata. Malamin ya kawo sunan alƙalin garin da na sarki, bai kawo sunan mai narka ƙarfen ko ɗaya ba. Ayarin da ya bi ya bar garin ma yana tafe da bayi mata kusan 600. Wannan fa ba na iya tsallake shi, duk da girman da nake ba shi.

Sarki Abu Inan ne ya aika ya kira shi gida. A Fas ya ba da labarin tafiye-tafiyensa, Ibn Juzayy ya rubuta, aka kammala a 1355. Ya rasu a Maroko wajen 1369. Allah ya jiƙansa.

Takadda yau kufai ce. Abin da muka sani game da rayuwarta, yawancinsa daga bakin baƙon nan ne da ya yi 'yan makonni ya wuce. Mu kuwa tsofaffin da suka shiga rami suna nan a zangunanmu, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ranar Juma'a, in Allah ya yarda, bayan an sauko zan zauna da ƙanin kakana da biro da littafi. Sunayen abokan aikinsu zan fara tambaya.