Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na Fari

Ran Asabar da ta wuce mu huɗu daga ajinmu muka tafi fadar Bauchi don mu ga wurin da Malam Yakubu yake kwance. Wani dogari ya yi mana jagora, muka tuɓe takalma muka shiga. Wurin shiru ƙwarai. Ni kuwa gabana yana ta faɗuwa, gama a ƙauyenmu, can cikin duwatsu kudu da birni, kakata ba ta ambaton sunan nan sai in za ta ba mu labarin yadda mutanenmu suka hau dutse don gudun dawakinsa.

To, ga abin da na koya game da shi. Yakubu Bagere ne, sunan ubansa Dadi, mutumin Tirwun. Tun yana saurayi ya tafi Degel wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya daɗe yana karatu yana yi wa malaminsa hidima. Da jihadi ya tashi a 1804, Shehu ya ba shi tuta. Cikin manyan masu tuta duka, shi kaɗai ne ba Bafillace ba. Ya komo ƙasarsu ya zauna a Inkil, sa'an nan a 1809 ya kafa birnin Bauchi, ya kewaye shi da ganuwa. A 1827, sa'ad da Shehu Laminu na Barno ya taso da runduna ya nufo Kano, Yakubu ne ya tare shi, ya mai da shi baya. Ya rasu a 1845, ɗansa Ibrahim ya gaje shi.

Na tsaya bakin kabarin ina auna labarin kakata da na dogari. Duka biyu gaskiya ne, ba ni da ikon yar da ko ɗaya. Amma abin da ya fi shiga zuciyata shi ne halin malaminsa. Shehu ya sami yaro baƙo daga wata kabila, ya duba hankalinsa da amanarsa, ya danƙa masa ƙasa.

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba za a ba kowannenmu aji, cikinsa da ɗan birni da ɗan dutse. Allah ya ba mu idon da za mu duba su haka.