David Warren: Mutumin da Ya Sa Wa Jirgin Sama Kunne

Duk lokacin da jirgin sama ya faɗi, abu na farko da za ka ji a labarai shi ne ana neman baƙin akwati. Akwatin ma ba baƙi ba ne, ruwan lemo ne, don a hango shi cikin tarkace. Wanda ya fi kowa alaƙa da samuwarsa wani ɗan Ostireliya ne, David Warren, wanda ko tuƙin jirgi ba sana'arsa ba ce.

An haife shi a 1925 a tsibirin Groote Eylandt, inda mahaifinsa ke aikin mishan. Yana ɗan shekara 9, a 1934, jirgin da mahaifin ke ciki ya ɓace a teku tsakanin Tasmaniya da Melbon. Ba wanda ya tsira, ba kuma wanda ya iya faɗin abin da ya faru. Kyauta ta ƙarshe da uban ya ba shi wata 'yar rediyo ce, ita ta jefa shi son kayan lantarki. Amma kimiyyar sinadarai ya karanta a Jami'ar Sidni, ya yi digirin digirgir a Landan, ya kama aiki a cibiyar binciken jiragen sama ta gwamnati a Melbon a matsayin masanin man jirgi.

A 1953 aka sa shi cikin masu nazarin haɗurran Comet, jirgin fasinja mai injin jet na farko a duniya, wanda ke ta faɗuwa ba a san dalili ba. Masana na ta hasashe. Shi kuwa Warren ya tuna da wata ƙaramar rikoda ta aljihu da ya gani a kasuwar baje koli. Idan matuƙa sun ga matsalar kafin su mutu, me zai hana a naɗi maganarsu? Ya rubuta rahoto a 1954, kafin ƙarshen 1958 kuma ya haɗa samfur mai naɗar murya da bayanan na'urori na awa 4 a kan siririyar wayar ƙarfe, wadda wuta ba ta saurin cinyewa.

To, nan fa wahalar ta fara. Hukumomin ƙasarsa suka yi ko oho. Ƙungiyar matuƙa ta ɗauki abin a matsayin ɗan leƙen asiri da za a zaunar musu a gefe, kuma gaskiya tsoronsu ba na banza ba ne: wa zai so oga ya riƙa jin duk hirarsa a bakin aiki? Sai da Robert Hardingham, wani babban jami'in hukumar rajistar jirage ta Birtaniya, ya ziyarci cibiyar a 1958 ya ga na'urar, sannan aka gayyaci Warren Ingila.

A gida kuwa sai da aka sake zubar da hawaye. A watan Yunin 1960 wani jirgi ya faɗa teku kusa da garin Mackay, mutum 29 suka mutu, bincike ya kasa gano musabbabi. Alƙalin da ya jagoranci binciken ya ba da shawarar a sa na'urar naɗi a jirage. Ostireliyar da ta yi watsi da shi ita ta zama ƙasa ta farko da ta wajabta naɗar muryar matuƙa.

Warren bai yi wa ƙirƙirar rajistar mallaka ba, bai kuma yi arziki da ita ba. A 2008 kamfanin Qantas ya sa wa wani jirginsa ƙirar A380 sunansa. Ya rasu a Melbon ranar 19 ga Yuli, 2010, yana da shekara 85.