Thierry Sabine: mutumin da ya ɓace a Tenere, ya dawo da tseren Paris-Dakar

Duk wanda ya yi wayo a Agadas cikin shekarun 1980 ya san yadda gari ke cika a watan Janairu, da ƙura, da Nasaru, da motoci masu lamba a ƙofa. Mafarin wannan hidima mutum guda ne, wanda ƙishirwa ta kusa kashewa a hamadar ƙasarmu.

An haifi Thierry Sabine ran 13 ga Yuni 1949 a Neuilly-sur-Seine, kusa da Paris. Mahaifinsa likitan haƙori ne mai sha'awar tseren mota, shi ma ɗan ya taso da ita. A 1975 ya ƙirƙiro tseren babura bisa rairayin gaɓar teku a garin Le Touquet.

A Janairun 1977 ya shiga tseren Abidjan zuwa Nice bisa babur Yamaha XT 500. Can arewacin Tenere, wajen iyakar Nijar da Libiya, ya saki hanya. Ya yi kwanaki shi kaɗai, ruwa ya ƙare, har aka fara fid da rai, sannan wani ƙaramin jirgi ya hango shi. Wani da ya sha ke nan, ba shi ba hamada. Shi kuwa ya koma gida da niyyar jawo wasu su ga abin da ya gani.

Ran 26 ga Disamba 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga Paris. Suka bi Aljeriya, suka shigo Nijar ta Arlit da Agadas zuwa Yamai, sannan Mali, tafiyar kimanin kilomita 10,000. Ran 14 ga Janairu 1979, 74 kacal suka isa Dakar.

Ababen hawan wancan zamani ba su da bambanci sosai da waɗanda ake gani a tasha. Babu GPS, sai taswira da kamfas da littafin hanya. Cyril Neveu ya zo na ɗaya bisa XT 500, irin babur ɗin da ya bar Sabine a daji, mai silinda guda, wanda ake tayarwa da ƙafa. A ɓangaren motoci Range Rover ce ta yi gaba. Ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun ba kowa mamaki da ƴar ƙaramar Renault 4 da aka mayar kat-kat, kuma a 1982 suka ci tseren da Renault 20. A 1980 Volkswagen Iltis, motar da aka ƙera don soja, ita ta yi nasara. A 1981 har Rolls-Royce aka gani cikin yashi.

A 1983 Sabine ya ratsa da tseren ta tsakiyar Tenere. Guguwar rairayi ta taso, mutum kusan 40 suka ɓace. Ya yi kwanaki yana shawagi da helikwafta har aka gano su duka. Wanda aka taɓa nema ya zama mai nema. Daga nan manyan kamfanoni suka shigo da kuɗi da injiniyoyi: Porsche ta ci a 1984 da 1986, ƙananan direbobi masu gyara motarsu da hannunsu suka fara komawa baya.

Tseren ya kawo ciniki ga masu masauki, makanikai da jagororin hamada. Ya kuma jawo hasarar rayuka, cikin ƴan tsere da kuma mutanen ƙauyuka da motoci suka banke, har da yara. Sukar da aka yi masa kan haka ba ta taɓa yankewa ba.

Ran 14 ga Janairu 1986, da dare, helikwaftansa ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a Mali. Mutum biyar suka mutu, cikinsu har da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda ya zo aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. Sabine yana da shekara 36.

Tseren ya bar Afirka zuwa Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Tokar gawarsa kuwa a Tenere aka watsa ta, gindin wani icce da ke tsaye shi kaɗai, wanda har yau ake kira da sunansa.