DOKTA IAN DONALD, LIKITAN DA YA LEƘA CIKI BA DA WUƘA BA

An haifi Dokta Ian Donald a ƙasar Ingila ran 27 ga watan Disamba, 1910. Ya yi karatu a Afirka ta Kudu, sa'an nan ya zama likita a Landan a 1937. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin likita a rundunar mayaƙan sama, inda ya ga yadda ake gano abin da ido bai gani ta hanyar amsa-kuwwa.

A 1954 aka naɗa shi farfesan sha'anin haihuwa a Jami'ar Gilasgo. A zamanin nan kuwa sau da yawa sai an tsaga ciki kafin a san abin da ke damun majinyaci. To, a 1955 sai ya kwashi ƙari iri-iri da aka cire daga cikin mata, ya kai masana'antar Babcock and Wilcox, ya gwada su da na'urar da ke gano tsaguwa a jikin ƙarfe. Sai ga shi kowane iri da tasa amsa-kuwwar.

Da fari likitoci sun yi masa dariya. Amma aka kawo wata mata da aka ce kansar ciki gare ta, ba magani. Na'urar ta nuna ƙullutun ruwa ne, aka cire, ta warke. A 1958 shi da Tom Brown da John MacVicar suka buga sakamakonsu a mujallar Lancet.

An yi masa aikin zuciya sau uku, ya rasu ran 19 ga watan Yuni, 1987. Shekara guda kafin nan wani likitan Holan, Julien Puylaert, ya nuna yadda za a danna na'urar a hankali a gano kumburin afendis, watau ɗan reshen hanjin nan na ƙasan ciki ta dama. Wannan hoto ya dace da yara, domin ba ya amfani da hasken nan na hoton ƙashi.

Saboda haka magidancin da ke neman abinci a Legas ko Ibadan, in aka aiko masa daga Kagarawal a Gombe cewa yaro na fama da ciwon ciki ta dama da amai da zazzaɓi, ya ce a garzaya asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Afendis in ya fashe, yana kisa.