Margaret Knight: Matar da ta Ƙera Injin Yin Jakar Takarda

Duk lokacin da aka yi zancen manyan masu ƙirƙira a ajin kimiyya, sunayen da ɗalibai suka fi kawowa su ne Thomas Edison da Graham Bell da 'yan'uwan nan biyu, su Wright, da suka tashi jirgin sama. Da wuya a ji an ambaci mace. Saboda haka a wannan shafi za mu duba rayuwar wata mata 'yar ƙasar Amurka, wadda ba ta yi zurfin karatu ba, amma ta ƙera injin da ya sauya yadda ake ƙunsa kaya a kantuna, kuma ta tsaya da ƙafafunta sa'ad da wani ya so ya ƙwace mata wahalarta.

An haifi Margaret Eloise Knight ran 14 ga Fabrairu, 1838, a garin York cikin jihar Maine. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, sai mahaifiyarta ta kwashe 'ya'yanta suka koma Manchester a jihar New Hampshire, inda akwai manyan masaƙu na auduga. Tun tana yarinya hankalinta ya fi karkata ga guduma da zarto da katako, ita ce ma take sassaƙa wa 'yan'uwanta maza kayan wasa. Talauci bai bar ta ta daɗe a makaranta ba. Tana da shekara 12 ta shiga aikin masaƙa, kamar yadda 'ya'yan talakawa da yawa suke yi a wancan zamani.

A cikin masaƙar ne ta ga abin da ya fara nuna baiwarta. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masaƙi ya san ƙoshiya, wato abin nan da ake jefawa tsakanin zare yana kai da komowa. A injin saƙa, ƙoshiyar tana da bakin ƙarfe mai tsini, kuma tana gudu da ƙarfin gaske. Wata rana ɗaya ta kuɓuce daga inji ta soki wani ma'aikaci. Wannan abu ya tsaya wa Margaret a rai, har ta ƙago wata 'yar na'ura da za ta hana irin wannan haɗari. Masaƙu suka karɓi dabarar suka yi amfani da ita, amma ita ba ta sami ko kwabo ba, domin ba a yi rajistar ƙirƙirar da sunanta ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan.

A nan ya kamata mu fahimci abin da ake nufi da takardar mallakar ƙirƙira. Idan mutum ya ƙago sabon abu, yakan kai zane da cikakken bayaninsa ofishin gwamnati mai kula da wannan aiki. In an bincika aka tabbatar sabon abu ne, sai a ba shi takarda mai lamba, wadda ta hana kowa ya ƙera abin ko ya sayar da shi ba da izininsa ba har zuwa wasu shekaru. A zamanin Margaret shekara 17 ake bayarwa a Amurka. Bayan wa'adin ya cika, dabarar ta zama ta kowa.

Rashin lafiya ya raba ta da masaƙa, ta yi ta 'yan ayyuka iri-iri, kamar gyaran gidaje da ɗaukar hoto da ɗinkin kujeru. A 1867 ta koma Springfield a jihar Massachusetts, ta sami aiki a kamfanin yin jakunkunan takarda mai suna Columbia. A lokacin akwai injin yin jakar takarda, wanda wani malamin makaranta mai suna Francis Wolle ya yi wa rajista a 1852. Sai dai jakar da yake fitarwa kamar ambulan take, ba ta da gindi, ba ta tsayuwa da kanta, kuma ba ta cin kaya da yawa. Jaka mai faffaɗan gindi kuwa da hannu ake naɗa ta a manna da gam, ɗaya bayan ɗaya, don haka tana da tsada.

Margaret ta duƙufa tunanin yadda inji zai yi wannan aiki. Tana zana abin da ta hango a littafinta, tana gwadawa, tana gyarawa. A 1868 ta gama samfuri na katako wanda yake yanka takarda, ya naɗe gindin ya zama mai kusurwa huɗu, ya kuma manna shi, duk a tafiya ɗaya. Amfanin wannan jaka a fili yake: mai kanti zai buɗe ta, ya tsayar da ita a kan tebur, ya zuba kaya da hannu biyu.

Da yake tana bukatar samfuri na ƙarfe kafin ta nemi rajista, sai ta kai aikin wani shagon maƙera injuna a birnin Boston. A can ne wani mutum mai suna Charles Annan ya riƙa leƙa injin yana nazarinsa. Da Margaret ta je neman takardarta, sai ta tarar Annan ya riga ya yi rajistar inji irin nata da sunansa.

Ku tuna da halin da take ciki. Mace ce, ma'aikaciyar kamfani, ba miji, ba uba, ba dukiya, a zamanin da mata a Amurka ko ƙuri'a ba su jefawa a zaɓen ƙasa. Mutane da yawa da sun haƙura sun koma gida. Ita kuwa ta ɗauki lauya ta shigar da ƙara a ofishin rajistar ƙirƙira da ke Washington. An yi kwana 16 ana sauraron shari'ar, tana kashe dala 100 kowace rana, kuɗin da ya fi ƙarfin albashinta nesa ba kusa ba. Abin da ya cece ta shi ne rubutunta. Ta fito da zane-zanen da ta yi da hannunta, da littafin da take rubuta ci gaban aikin, da samfuranta, ta kuma kawo shaidu daga cikin maƙeran da suka yi aiki da ita. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Aka yanke hukunci cewa ita ce ta fara ƙirƙiro injin, kuma ran 11 ga Yuli, 1871, aka ba ta takardar mallaka mai lamba 116,842.

Ta haɗa kai da wani ɗan kasuwa suka kafa kamfanin Eastern Paper Bag a Hartford cikin jihar Connecticut. A 1879 ta sake samun wata takardar saboda gyare-gyaren da ta yi wa injin. Wasu kuma suka ɗora a kan aikinta, musamman Charles Stilwell, wanda a 1883 ya yi rajistar injin da ke yi wa jakar naɗi a gefe don ta kwanta sumul a ajiye, ta kuma buɗe da sauƙi.

Ba ta tsaya a jaka kaɗai ba. A sauran rayuwarta ta karɓi takardun mallaka fiye da 20. A cikinsu akwai injunan yanka tafin takalmi, da injin buga lambobi, da firam ɗin taga, sa'an nan bayan ta wuce shekara 60 ta koma kan injuna masu juyawa, a daidai lokacin da mota ta fara yaɗuwa. Duk da haka ba ta yi arziki ba, domin sau da yawa takan sayar da haƙƙin ƙirƙirarta ga kamfanoni ta karɓi kuɗi a dunƙule, ta koma ɗakin aikinta. Ba ta taɓa yin aure ba. Ta rasu ran 12 ga Oktoba, 1914, a garin Framingham, tana da shekara 76, kuma abin da ta bari bai kai dala 300 ba.

Amma aikinta bai mutu ba. Ƙaramin samfurin injinta yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washington, kuma a 2006 aka shigar da sunanta cikin jerin fitattun masu ƙirƙira na ƙasar Amurka. Jakar leda ta zo daga baya ta kusan ture ta takarda, sai ga shi leda ta zama annoba, tana toshe magudanan ruwa, tana kashe dabbobin da suka haɗiye ta. Ruwanda ta haramta ta a 2008, Kenya kuma a 2017, aka sake komawa neman jakar takarda mai faffaɗan gindi.

Ɗalibai, musamman ku 'yan mata da kuke gudun lissafi da zanen fasaha kuna cewa aikin maza ne, ga abin dubawa. Margaret ba ta sami ko rabin damar karatun da kuke da ita ba. Ta lura da matsalar da ke gabanta a wurin aiki, ta nemi maganinta, ta kuma rubuta kowane mataki. Don haka in malamin kimiyya ya matsa muku ku sa kwanan wata, ku yi zane mai tsabta a littafin gwaji, kada ku ɗauka fitina ce. Irin wannan littafi ne ya tsaya wa Margaret Knight shaida a ranar da ta fi bukatarsa.