Teslim Balogun: Ɗan ƙwallon da ya je Ingila ba takalmi

A ranar 31 ga watan Agustan 1949, mutane kimanin dubu shida suka hallara a wani ƙaramin filin wasa da ke Crosby, kusa da birnin Libaful na Ingila, domin su ga abin da ba su saba gani ba. Wasu samari ne daga Najeriya za su kara da ƙungiyar garin mai suna Marine, kuma kusan dukkansu ƙafa huntu suka shigo fili, in ban da bandeji da suka naɗe idon sawu da shi. Kafin a tashi, baƙin sun ci biyar, masu gida biyu.

Cikin waɗanda suka fi ɗaukar hankali a wannan rana har da wani dogon matashi ɗan gaba, Tesilimi Balogun, wanda aka fi sani da Teslim. A gida ana masa laƙabi da Thunder, wato aradu, saboda ƙarfin bugunsa.

An haifi marigayi Balogun a Legas, kuma a can ya fara suna a ƙungiyoyi irin su Apapa Bombers da Marine da kuma Railway, ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa. A wancan zamani babu wanda ke cin abinci da ƙwallo kaɗai a Najeriya. Ɗan wasa ma'aikaci ne a tashar jiragen ruwa ko a reluwe ko a wani kamfanin Turawa, sai da yamma ya sauya kaya ya nufi fili. Shi ya sa manyan ƙungiyoyin lokacin duk sunayen ma'aikatu suke ɗauke da su.

Gasa mafi daraja ita ce Kofin Gwamna, wanda aka soma a 1945, shekarar da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, a zamanin Gwamna Arthur Richards. Da farko harka ce ta mutanen Legas zalla. Marine ce ta fara ɗauka, sannan Railway ta mamaye gasar, inda ta ci a 1946 da 1948 da kuma 1949.

Tafiyar 1949

Daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ne hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta zaɓi mutum 18 domin ziyarar Ingila. Wannan ne karon farko da aka haɗa tawaga da sunan ƙasar baki ɗaya. Etim Henshaw ne kyaftin, Sam Ibiam yana cikin masu tsaron gida, akwai Dan Anyiam da Titus Okere, akwai kuma John Dankaro daga Jos. Sun shiga jirgin ruwa mai suna Apapa a tsakiyar watan Agusta, suka yi kusan mako biyu a kan teku, kuma kwana biyu kacal da saukarsu suka buga wasan farko. A can aka haɗa su da John Finch, tsohon ɗan wasan Fulham, domin ya horar da su.

Wasa tara suka buga. Sun ci biyu, sun yi kunnen doki a biyu, an doke su a biyar. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, domin sau da yawa akan ƙara wa labarin gishiri: ba da Arsenal ko Manchester United suka kara ba. Abokan karawarsu ƙungiyoyi ne na 'yan sha'awa da kuma zaɓaɓɓun 'yan wasan ƙananan gasanni. Bishop Auckland ta ci su 5 da 2, zaɓaɓɓun gasar Athenian kuma suka zazzaga musu 8 da nema. Sun doke Bromley da ci 3 da 1, sannan suka rufe da 2 da 2 a gidan South Liverpool, a wasan da aka yi da dare a ƙarƙashin fitilu gaban mutane fiye da dubu goma sha uku.

Batun takalmi shi ne ya fi cika jaridun Ingila, kuma a wajen masu karatu da dama abin kallo ne kawai, irin na baƙon da ya zo daga ƙasar da ake mulka. To amma a wajen 'yan wasan lamari ne na sana'a. A busasshen filin Legas, ƙafa huntu tana ba mutum sauri da kuma sanin inda ƙwallo take. A ciyawar Ingila mai danshi kuwa, da zarar an yi yayyafi sai santsi, ga ƙwallon fata da ke shan ruwa ta yi nauyi, ga abokin karawa sanye da takalmi mai ƙusoshi. Wanda duk ya taɓa buga ƙwallo a rairayin bayan gari, a Daura ne ko a Katsina, ya san bambancin taka ƙasa da taka laka. Duk da haka, a irin wannan hali Balogun ya riƙa sakin bugun da ya sa 'yan kallo suka tafi gida da sunansa a baki.

A hanyar dawowa jirgin ya tsaya a Firitawun, inda a ranar 8 ga Oktoban 1949 tawagar ta doke Saliyo da ci 2 da nema. Wannan shi ne wasan farko na ƙasa da ƙasa a tarihin Najeriya. Ƙungiyar da daga baya aka kira Red Devils, sannan Green Eagles, yanzu kuma Super Eagles, daga nan ta samo asali.

Jos da Kano

Abin da ba a cika ambata ba shi ne zaman da Balogun ya yi a Arewa. Jos a lokacin gari ne na haƙar kuza, wanda ya tara ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar, kuma ƙwallo ta yi saurin kama ƙasa a can. Balogun ya buga wa zaɓaɓɓun 'yan wasan Jos, waɗanda a 1951 suka kai wasan ƙarshe na Kofin Gwamna. Tsohuwar ƙungiyarsa Railway ce ta doke su da ci 3 da 2.

Sun rasa kofin, amma sun nuna cewa ƙungiya za ta iya tasowa daga Arewa ta girgiza Legas. Shekara biyu bayan haka, a 1953, zaɓaɓɓun Kano suka doke Dynamos ta Legas da ci 2 da 1, suka zama na farko da suka fitar da kofin daga Legas. A 1954 ma Kano ta sake kaiwa wasan ƙarshe, sai dai Kalaba ta yi galaba a kanta.

Shi kuwa Balogun ya riga ya koma kudu. A 1952 ya ci ƙwallo uku shi kaɗai a wasan ƙarshe da Pan Bank ta lallasa Warri, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin shi. A tsawon rayuwarsa ya buga wasan ƙarshe na wannan gasa sau bakwai, ya ɗauki kofin sau biyar.

Komawa Ingila

Titus Okere ne ya riga kowa samun kwantaragi a Ingila, inda Swindon Town ta ɗauke shi a 1953. Balogun ya bi sahu a 1955 zuwa Peterborough United, yana kuma koyon aikin ɗab'i. Bai samu yadda yake so ba a can. Ya ratsa ta ƙaramar ƙungiyar Skegness Town, kafin Queens Park Rangers ta Landan, wadda ke rukuni na uku a lokacin, ta ɗauke shi a kakar 1956 zuwa 1957. Ya buga mata wasan lig 13, ya ci ƙwallo 3.

Idan aka auna da abin da 'yan Najeriya suka yi daga baya, irin su Nwankwo Kanu a Arsenal, ko Ahmed Musa, haifaffen Jos, wanda Leicester City ta saya a 2016, wannan lissafi ƙarami ne. Sai dai a ganina ba a ƙwallayen ribar zamansa a Ingila take ba. Ya yi amfani da damar ya yi karatun horar da 'yan wasa, har ana lissafa shi a matsayin ɗan Afirka na farko da ya samu takardar shaidar ƙwarewa a wannan fanni. Wannan abu ne mai nauyi a ƙasar da har bayan samun 'yancin kai a 1960 ta daɗe tana ɗauko masu horarwa daga Turai.

Da ya dawo gida ya zauna a Ibadan yana horar da matasa a yankin Yamma. Yana kuma cikin masu horar da tawagar da ta je gasar Olamfik ta 1968 a Meziko. Japan da Spain sun doke Najeriya a can, amma a wasanta da Brazil ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da ci 3 da nema, kafin Brazil ta farke duka a tashi 3 da 3.

Kamar yadda aka saba da shahararrun mutane, almara ta riga tarihi yaɗuwa. Yaran makaranta a sassa da dama na Najeriya sun tashi da labarin cewa Thunder ya taɓa buga ƙwallo da ƙafar hagu ta kashe mai tsaron gida nan take, wasu ma sukan ce ta huda cikinsa ta wuce raga. Tatsuniya ce kawai, kuma abin takaici ita ce mutane da yawa suka riƙe, alhali ba su san da tafiyar 1949 ko wasan Jos na 1951 ba.

Teslim Balogun ya rasu ranar 30 ga watan Yulin 1972, bai kai shekara hamsin ba. Gwamnatin Jihar Legas ta sa sunansa a filin wasa da ke unguwar Surulere, daura da babban filin wasa na ƙasa. An fara ginin a shekarun 1980, ba a kammala ba sai 2007, kuma a 2009 an buga wasu daga cikin wasannin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a cikinsa.